SHIN SIFFAR KWANSON HARSASHI TANA GYARA SAITIN BINDIGA?

Shekara da shekaru ke nan ana tafka wata gardama tsakanin maƙeran bindigogi da injiniyoyin soja da gwanayen harbi na ƙasashen Turai da Amurka, kuma har yau ba a kai ƙarshenta ba. Gardamar kuwa a kan ɗan kwanson tagullar nan ce da yakan faɗo ƙasa bayan an yi harbi, wanda galibi ba mai waiwayarsa. Waɗansu sun ce siffar wannan kwanso, watau tsawonsa da kaurinsa da yadda aka karya kafaɗarsa, ita ce takan sa harsashi ya tafi daidai inda aka nufa. Waɗansu kuwa suka ce sam, kwanso mazubi ne kurum, aikinsa ya riƙe albarushi, saiti kuwa yana ga bindiga da hannun mai riƙe da ita.

Maganar ta wuce filin wasa. Kamfanonin ƙera makamai sukan fito da sabon harsashi kusan kowace shekara suna kurarinsa da cewa ya fi na da, gwamnatoci kuma sukan kashe maƙudan kuɗi in za su sauya harsashin rundunoninsu, domin sauya harsashi yakan jawo sauya bindigogi da injunan masana'anta gaba ɗaya. Bayan wannan kuma, harsashin da ya kauce wa inda aka nufa ba ɓacewa yake yi a iska ba, dole ya sauka a wani wuri, sau da yawa kuwa a jikin wanda bai ji ba bai gani ba. Saboda haka yana da kyau mai karatu ya san iyakar abin da kwanso yake iya yi, da abin da ake jingina masa alhali kuwa ba aikinsa ba ne.

ABIN DA KE CIKIN HARSASHI

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar gargajiya ya san wahalar da ke ciki. Zai zuba albarushi ta baki da ƙiyasin ido, ya danna shi da tsumma, ya sa dalma, sa'an nan ya shirya abin tayar da wuta. Ɗurin yau ba zai zama daidai da na gobe ba, don haka harbin ma ba zai zama iri ɗaya ba. Harsashin zamani an yi shi ne domin a haɗa waɗannan abubuwa wuri guda a kan awo: ƙwayar da ke fita ta kai ga abin da aka nufa, da albarushi, da 'yar ƙyastun da ke gindi wadda allurar bindiga take bugawa, da kuma kwanson da ya tattara su.

Kwanson galibi na tagulla ne, kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Na bindigogin harbin nesa siffar kwalba gare shi: gindi, da gangar jiki, da kafaɗa inda ya fara tsukewa, da wuya inda ya riƙe ƙwayar. Wannan siffa ta zama ruwan dare bayan da wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano albarushi marar hayaƙi a shekarar 1884, Faransa kuma ta sa shi cikin bindigar Lebel a 1886, domin sabon albarushin ya ba da damar a harba ƙaramar ƙwaya da gudu mai tsanani.

Da zarar an ja kunama, allura ta bugi ƙyastu, wuta takan bi ta wani ɗan rami ta kama albarushi. A harsashin .308 Winchester, alal misali, matsin da ke tasowa a ciki yakan wuce nauyin tan 4 a kan kowane murabba'in santimita. Nan take tagullar takan kumbura ta manne da bangon mazauninta a cikin bindiga, ta toshe hanya kada wuta ta dawo fuskar mai harbi, sa'an nan in matsin ya sauka ta ɗan koma yadda take domin a iya zaro ta. Ƙwayar kuwa takan bar bakin bindiga da gudun kimanin mita 850 a daƙiƙa guda, tana juyi kamar katantanwa fiye da sau 160,000 a minti, saboda murɗaɗɗen zanen da aka yi a cikin bututun. Duk wannan al'amari bai kai kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Cikin wannan ɗan taƙin lokaci ne kwanso yake da ta cewa, in ma yana da ita, domin da ƙwaya ta fita aikinsa ya ƙare.

YADDA AKE AUNA SAITI

Masana ba su auna saitin bindiga da harbi ɗaya, domin ko makaho yakan dace wata rana. Akan yi harbi biyar ko goma a kan allo guda ba tare da an sauya wurin da aka nufa ba, sa'an nan a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar huji biyun da suka fi nisa da juna. Gwargwadon ƙanƙantar tazarar, gwargwadon kyan saitin. Bindigar farauta da za ta tara harsasanta cikin inci ɗaya a nisan yadi 100 ana ɗaukarta mai kyau.

A Amurka akwai wata gasa da ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ake kira harbin kan teburi. Mai gasa yakan zauna ya ɗora bindiga mai nauyi a kan matokarai da jakunkunan yashi, domin a rage rawar hannun ɗan Adam iyakar iyawa, a bar bindiga da harsashi su nuna halinsu. Wannan fage shi ne ya zama ɗakin gwajin gardamar kwanso, domin a nan bambancin da bai kai kaurin takarda ba yakan raba na ɗaya da na goma.

A shekarar 1950 wani injiniyan kamfanin Remington mai suna Mike Walker, wanda shi kansa ɗan wannan gasa ne, ya fito da harsashin .222 Remington. Siririn kwanso ne mai tsawon milimita 43, da dogon wuya, da kafaɗa mai digiri 23. Fiye da shekara 20 yana sarauta a fagen. Da shi ne Mac McMillan ya yi abin da ya girgiza jama'a a jihar Arizona cikin 1973, sa'ad da ya zuba harsasai biyar a nisan yadi 100, aka auna tazararsu aka sami inci 0.009, watau ƙasa da rubu'in milimita ɗaya. Wanda ya dubi allon da ido zai rantse harbi ɗaya aka yi. Wannan bajinta ta yi shekara 40 ba wanda ya karya ta.

JIKAN HARSASHIN KALASHNIKOV

Ana cikin haka sai waɗansu mutum biyu suka zo da abin da ya tumɓuke .222 daga gadon sarauta. Ɗaya likitan fiɗa ne, Dokta Louis Palmisano, ɗayan kuma gwanin aikin ƙarfe ne, Ferris Pindell. Wurin da suka je neman kwanso shi ne abin mamaki.

Bindigar AK-47 ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan nahiya. Harsashinta, wanda Tarayyar Sobiyet ta tsara a 1943, ana kiransa 7.62x39, watau faɗin ramin bututu milimita 7.62, tsawon kwanso milimita 39. An san bindigar da juriya da rashin cijewa, amma ba a taɓa yi mata kirari da kyan saiti ba. Daga baya Rashawa sun tsuke wuyan wannan kwanso domin ya riƙi ƙaramar ƙwaya ta farauta da gasa, shi ne wanda aka sani a ƙasashen Yamma da sunan .220 Russian. To, wannan kwanson ne Palmisano da Pindell suka ɗauka, suka miƙe gangar jikinsa, suka karya kafaɗarsa zuwa digiri 30, suka bar shi da ƙaramar ƙyastu da ɗan siririn ramin wuta. A tsakiyar shekarun 1970 suka fito da shi kashi biyu, .22 PPC da 6 PPC, harufan kuwa daga farkon sunayensu aka ɗauko.

A nan kam albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980, da wuya a ga wanda ya ci babbar gasar harbin kan teburi ta yadi 100 ko 200 da wani harsashi in ba 6 PPC ba, kuma har yanzu shi ne zakara a wannan fage. Ko da Mike Stinnett ya karya bajintar McMillan a jihar Texas cikin 2013 da tazarar inci 0.0077, gajeren kwanson da ya yi amfani da shi daga zuriyar kwanson Rashan nan ya fito. Haka kuma wani gajere mai kauri, 6 BR, wanda kamfanin Remington ya fito da shi a 1978, kamfanin Norma na ƙasar Suwidin kuma ya gyara shi daga baya, ya yi suna ƙwarai a gasar mita 300 ta Turai.

Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa siffa tana da tasiri. Suka ce gani ya kori ji: ɗaruruwan gwanaye, kowa da kuɗinsa da sunansa a kan gasa, ba za su taru a kan kwanso ɗaya shekara kusan 50 don son zuciya ba.

DALILAN DA SUKE KAWOWA

Dalili na farko shi ne kamawar wuta. A gajeren kwanso mai kauri, albarushin duka yana kusa da ƙyastu, don haka ana sa ran ya kama da tsari iri ɗaya a kowane harbi. A dogon siririn kwanso kuwa, wutar sai ta ratsa doguwar hanya kafin ta kai ga na kusa da wuya.

Na biyu shi ne cika. In albarushi ya cika kwanso maƙil, ba shi da wurin motsi. In kuwa akwai sarari, to inda ya kwanta yakan bambanta: wanda ya ɗaga bakin bindiga sama kafin harbi ya tura shi wajen ƙyastu, wanda ya sunkuyar da ita ya tura shi wajen wuya, kuma gudun ƙwayar yakan sauya saboda wannan.

Me ya sa aka damu da gudu haka? Domin ƙwaya tun daga fitarta take gangarowa ƙasa, kuma gwargwadon daɗewarta a hanya gwargwadon faɗuwarta. Lissafi ya nuna cewa in gudun harsashin .308 ya sauya da kashi 1 cikin 100, a nisan mita 100 wurin saukarsa zai sauya da abin da bai kai milimita 2 ba, amma a nisan mita 900 sauyin zai kai wajen santimita 20. Ga mafarauci, wannan shi ne bambanci tsakanin dabbar da ta faɗi nan take da wadda ta gudu da rauni ta je ta mutu a daji.

Na uku shi ne zama. Kwanso yana bukatar abin da zai tokare shi a mazauninsa. Tsofaffin harsasai irin .303 na Ingila, wanda aka soma aiki da shi a 1888, wanda kuma tsofaffin sojoji da 'yan sandan Nijeriya suka sani a bindigar mak-fo, da leɓen gindi suke tokarewa. Waɗansu manyan harsasan farauta an yi musu ɗamara a gindi domin wannan aiki. Na zamani kuwa da kafaɗa suke tokarewa, kuma masu wannan ra'ayi sun ce kafaɗa mai kaifi ta fi zaunar da kwanso a tsakiya, ƙwaya ta fuskanci bututu sosai. Wani mashahurin maƙerin bindiga na Amurka, P. O. Ackley, ya yi suna wajen ɗaukar tsofaffin harsasai yana miƙe jikinsu yana mai da kafaɗarsu digiri 40. Abin da aka tabbatar game da aikinsa shi ne kwanson yakan ƙara ɗaukar albarushi, kuma ba ya saurin miƙewa in ana maimaita ɗura shi.

HUJJAR MASU MUSU

Su kuwa masu musu suka ce tarihi cike yake da kwansunan da suka saɓa wa duk waɗannan ƙa'idodi, amma suka ci gasa. A 1925 kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ya fito da .300 H&H, dogon kwanso mai milimita 72, da ɗamara, da kafaɗa mai gangare wadda ba ta kai digiri 9 ba. Shekara goma bayan haka, a 1935, Ben Comfort ya ci Kofin Wimbledon na harbin yadi 1,000 a Amurka da shi. Har ila yau ga .300 Winchester Magnum na 1963, wanda aka yi ta kushe shi saboda gajartar wuyansa, amma ya ci gasannin nesa da yawa, sojojin Amurka kuma suka zaɓe shi domin bindigoginsu na harbin ɗauki-ɗai-ɗai. Ga kuma 6.5x55 na ƙasashen Suwidin da Norwe, wanda aka yi tun 1894, har yanzu ana gasa da shi a can. Daɗin daɗawa, suka ce kada a manta bajintar McMillan da siririn kwanso aka yi ta.

Sa'an nan suka ce gwajin gaskiya yana da wuyar gaske. In za a sauya siffar kwanso, tilas a sauya mazauninsa, sau da yawa har da bututun. Bututu biyu kuwa, ko da maƙeri ɗaya ya yi su rana ɗaya daga sandar ƙarfe ɗaya, ba lalle su yi harbi iri ɗaya ba. To, in sabon harsashi ya fi tsohon, wa za a yaba, kwanso ko bututu? Bugu da ƙari, harbi uku ko biyar ba su isa shaida ba, domin bindiga ɗaya da harsashi ɗaya takan ba da ƙaramar tazara yanzu, an jima ta ba da ninkinta. Sai an yi harbi da yawa ƙwarai kafin a bambance fifiko na gaskiya da sa'a.

Akwai kuma waɗansu abubuwa da sukan raka gajeren kwanso har a ɗauka aikinsa ne. Gajeren harsashi yakan shiga bindiga mai gajeren jiki, wanda ya fi ƙarfi ya kuma fi ƙarancin lanƙwasa. Albarushinsa kaɗan ne, don haka bindigar ba ta naushin kafaɗar mai harbi da yawa, bututun ma ba ya saurin zafi ko cinyewa. Kwansunan da 'yan gasar 6 PPC suke amfani da su kuwa daga ƙasar Finlan ake kawo su, inda kamfanonin Sako da Lapua suka yi suna wajen tsananta awo. Sa'an nan tun da gwanaye suka taru a kan harsashi ɗaya, ilimin albarushin da ya dace da shi da ƙwayar da ta fi yi masa kyau ya taru a kansa, abin da sauran harsasai ba su samu ba.

Binciken masana ma ya karkata ga waɗansu wurare dabam. Tun a 1909 wani likita Ba'amurke, Dokta Franklin Mann, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya shafe shekaru yana yi, inda ya nuna cewa babban abin da ke watsa harbi shi ne ƙwayar da nauyinta bai daidaita ba, ko wadda ta shiga bututu a karkace. A 1998 kuma Harold Vaughn, injiniyan da ya yi aikin nazarin tafiyar makamai cikin iska a cibiyar bincike ta Sandia, ya wallafa littafi mai suna Rifle Accuracy Facts. Ya ɗauki bindigar farauta mai amfani da .270 Winchester, dogon kwanso na 1925, ya bi cututtukanta ɗaya bayan ɗaya da na'urorin awo: girgizar bututu, da motsin mahaɗinsa da jikin bindiga, da motsin madubin hange, da iskar da ke fita tare da ƙwaya a baki, da rashin daidaiton ƙwayar kanta. Da ya magance su sai bindigar ta koma kusan kamar ta gasa, alhali kwanson yana nan da siffarsa ta da.

INDA ƁANGARORIN BIYU SUKA HAƊU

Duk da wannan ja-in-ja, akwai wuraren da ba a musu a kansu. Na farko, kamannin kwanso da ɗan'uwansa ya fi siffarsa muhimmanci. In bangon wani ya fi na wani kauri, sararin cikinsu zai bambanta, matsi da gudu su bambanta. In gefe ɗaya na wuya ya fi ɗayan kauri, ƙwaya za ta zauna a karkace. In wani wuya ya riƙe ƙwaya da ƙarfi wani kuma sako-sako, ba za su sake ta lokaci ɗaya ba. Wannan ne ya sa 'yan gasa sukan auna kwansunansu ɗaya-ɗaya, su feƙe wuyansu har kaurin ya zama ɗaya ta kowane gefe.

Na biyu, girman cikin kwanso in aka gwada shi da faɗin bututu. In albarushi ya yi yawa ƙofar fita kuma ta yi ƙanƙanta, wutar takan cinye farkon bututun da sauri. Harsashin .220 Swift na 1935, wanda ya fara wuce gudun ƙafa 4,000 a daƙiƙa cikin harsasan kasuwa, ya yi ƙaurin suna a kan wannan. Bututun da maƙogwaronsa ya cinye kuwa saitinsa ya tafi ke nan.

Na uku, ba a tsara kwanso shi kaɗai, tare da mazauninsa ake zana shi. Misali mai kyau shi ne .260 Remington na 1997 da 6.5 Creedmoor wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Ƙwaya iri ɗaya suke harbawa da gudu kusan ɗaya. Amma kwanson Creedmoor ya fi gajarta da kimanin milimita 3, kafaɗarsa digiri 30 ce maimakon 20, saboda haka doguwar ƙwaya mai ratsa iska takan zauna a wuyansa ba tare da ta nutse cikin albarushi ba, kuma harsashin ya shiga gidan harsasai lafiya. Waɗanda suka tsara shi, Dave Emary da Dennis DeMille, sun kuma ƙayyade maƙogwaro mai matsewa da murɗin bututu mai sauri, kamfanin ya riƙa sayar da harsasai masu kyan awo a farashi mai sauƙi. Ƙwararren da ya ɗura nasa da kansa yakan sa .260 ya yi kafaɗa da kafaɗa da shi, amma wanda ya sayi bindiga da harsashi a kanti ya fi samun biyan bukata da Creedmoor. A 2018 rundunar sojojin musamman ta Amurka ta zaɓe shi domin waɗansu bindigoginta na nesa. A nan tsarin kwanso ya taimaka, sai dai taimakonsa ta hanyar ba ƙwaya kyakkyawan mazauni ne.

BUKATAR SOJA DABAM CE

Ya kamata a lura cewa saiti ɗaya ne kurum daga cikin abubuwan da mai tsara kwanso yake dubawa. Kwanson AK-47 an yi shi mai tsukewa daga gindi zuwa kafaɗa da gangan, domin ya shiga ya fita ko da ƙura ko laka sun cika bindiga, kuma wannan tsukewar ce ta sa gidan harsasanta ya lanƙwashe kamar ayaba. Gangaren kwanson .300 H&H da na yayansa .375 H&H na 1912 shi ma da dalili: an yi su ne domin farauta a Afirka da Indiya, inda zafin rana yakan ƙara wa albarushin wancan zamani matsi, ana gudun kada kwanso ya maƙale ga shi kuwa ɓauna ta taso. Bindigar gasa mai matsattsen mazauni ba za ta yi sati guda a hannun soja cikin hazon hunturu ba tare da ta cije ba. Kowane kwanso da aikin da aka yi shi dominsa.

Masana'antar harsashin soja, irin Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya da aka kafa a Kaduna cikin 1964, ba ta da zaɓi a kan siffa, domin bindigogin da ke hannun runduna su ne suke ƙayyade ta. Abin da ke hannun kowace irin wannan masana'anta a duniya shi ne awo: harsashi na dubu ya fito daidai da na farko. Manyan ƙasashe kuwa hankalinsu ya koma kan abin da ake yin kwanson da shi. A 2022 sojojin Amurka sun zaɓi sabon harsashi mai suna 6.8x51, wanda jikin kwansonsa tagulla ne, gindinsa baƙin ƙarfe, domin ya jure matsin da ya fi na .308 da kusan kashi 30 cikin 100. Abin da suke nema a nan gudu ne da ƙarfin huda sulke.

To, ina aka kwana? In aka jera abubuwan da ke sa harsashi ya sauka inda aka nufa, mai harbi ne a gaba, da iya karatun iskarsa da natsuwarsa wajen jan kunama. Bututu da yadda aka zaunar da shi suna biye, sai ƙwaya, sai mazauni da maƙogwaro, sai kamannin kwansuna da juna. Siffar kwanso tana can ƙarshen layi. Tana da rabonta, kuma tarihin 6 PPC ya isa ya hana a ce ba ta da shi, amma rabon ƙanƙane ne wanda ba ya bayyana sai an gama gyara duk abin da ke gabansa. Gasar Palma, wadda aka fara tun 1876, ana kuma yin ta a nisan yadi 800 da 900 da 1,000, ta ishi mai hankali misali: yawancin 'yan gasar .308 suke riƙe da shi, kwanso siffa ɗaya, amma kullum akan sami na ɗaya da na ƙarshe.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ko harsashi ba tare da lasisi ba, saboda haka darasin ya fi shafar hukumomin da aka damƙa wa makamai. Ƙwayar AK-47 tana iya tafiyar fiye da kilomita 2 kafin ta faɗi, kuma tana iya kisa a inda ta sauka. Kuɗin da aka kashe wajen horar da mai riƙe da bindiga, da kula da bututunta, da sayen harsashi mai kyan awo, ya fi kare ran ɗan kallo da mai wucewa a kan kowace sabuwar siffar kwanso da 'yan kasuwar makamai za su zo suna talla.